Umma Ta Ƙi Tafiya Ba Fasfonta

Auta: Salamu alaikum, Yaya. Kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, tun ɗazu nake kiranki, waya a kashe.

Auta: Ai ba a shiga ofishin jakadancin da waya, wani mai shago a tsallaken titi muka bai wa ajiya. Ya aiki? Ya sanyi?

Yaya: Lafiya lau. Ya Umma?

Auta: Ƙalau take. Ya Anti da nauyin jiki? Kumburin ƙafar ya ragu?

Yaya: Da sauƙi. Likita ya ce haihuwar wata mai kamawa ce in Allah ya yarda. Auta, aiki na baro na fito bakin matakala. An ba Umma bizar ko an hana ta?

Auta: Bari in ɗauko maka daga farko.

Yaya: Ɗauko min daga ƙarshe.

Auta: Ka yi haƙuri mana. Sun bar ni na shiga a matsayin mai fassara. Muna zaune kan kujerun roba aka kira lambarmu. Wata mata ce a bayan gilashi, ta ce Umma ta ɗora yatsunta a kan na'ura. Na'ura ta ƙi gani. Aka goge, aka sake, shiru. Yaya, wankin da Umma ta yi shekara da shekaru ya cinye zanen yatsunta, sumul suke kamar bayan cokali. Yaya? Kana nan?

Yaya: Ina ji. Layin ne ke rawa.

Auta: Layi dai. To, sai na tuna na taɓa karantawa wai a goga yatsa a goshi, maiƙon fuska na fito da zanen. Umma ta harare ni, wai a gaban mutane zan sa ta shafe-shafe. Da ƙyar ta yi. Sai ga koriyar fitila. Wallahi ya kamata a rubuta wannan dabarar a bakin ƙofa, tsofaffi nawa...

Yaya: Malama mai digiri, tambayoyin fa?

Auta: Duk haddar da na yi ta ba ta a gida ta watsar. Matar ta tambaye ta me za ta je yi. Umma ta ce surukarta marainiya ce, haihuwar fari, kuma ɗanta ko riƙon kofi bai iya ba balle jariri.

Yaya: Kika fassara haka?

Auta: Tsaf. Matar ta yi dariya, ta jefa fasfon a wani kwando a bayanta, ta ce tana taya mu murna, za a aiko da shi da biza a ciki.

Yaya: Alhamdulillahi. Auta, shi ne kika tsaya ja min rai?

Auta: Ai da saura. Umma ta zauna a kan benci bakin get, ta ce ba inda za ta sai an dawo mata da fasfonta. Wai kowa na fitowa da nasa a hannu, ita kaɗai aka ƙwace wa. Na ce waɗancan su aka hana, ta ce lallashinta nake. Mai gadi ma ya yi mata bayani, ta ce ai ɗan gidan ne, me zai faɗa. Daga bakinka kawai take son ji. Ga katina ya kusa ƙarewa.

Yaya: Miƙa mata.

Umma: Babana, ka ga abin da suka yi min?

Yaya: Umma, ina wuni. Ba ƙwacewa suka yi ba. Wanda suka yarda da shi ne suke riƙe nasa. Kin samu, Umma. Zuwa za ki yi.

Umma: Kada ka biye wa yarinyar nan. Ka tabbata?

Yaya: Ni ma haka suka riƙe nawa, ban dai gaya miki ba a lokacin.

Umma: To. To, Allah mun gode maka. Ke, ɗauko min takalmina a ƙarƙashin bencin. Babana, ka ce wa matarka ta daure, kada ta kuskura ta haihu sai na...

Yaya: Umma? Umma, kina ji na?