Kada Ki Zo Ɗaukar Mimi

Goggo: Alo? Salamu alaikum. Nas, kina ji na?

Nas: Wa alaikumus salam. Goggo, ina wuni?

Goggo: Lafiya lau, 'yata. Ya aiki? Ya marasa lafiya?

Nas: Da sauƙi. Ya yaran naki?

Goggo: Ga su nan sun cika min kunne. Ya maigidan? Ya ƙafar babanki? Na ce zan leƙo yayan nawa, ban samu zama ba.

Nas: Ta yi sauƙi, har yana fita.

Goggo: Madalla. To ya gajiya? Ya zafi? Ya asibitin gaba ɗaya?

Nas: Goggo, sau biyu ke nan kina gaida asibiti. Ke da ba kya kira sai Mimi ta yi zazzaɓi. Lafiya take?

Goggo: Ras take, tana can tana barci. Haba, mutum ba zai gaida 'yar ɗan'uwansa ba?

Nas: Zai gaishe ta mana. Ina ji.

Goggo: Dama cewa na yi, gobe ki huta. Kada ki zo ɗaukar Mimi, ni zan kawo miki ita har gida. Da safe ma ki ba maƙwabciyarki ta miƙo ta.

Nas: In ba wa? Layin yana yankewa.

Goggo: Maƙwabciyarki! Mai ɗinki!

Nas: Ikon Allah. Ke da kika kafa doka a gidan renonki ba mai kawo yaro ko ɗaukarsa sai uwarsa? Ranar nan babanta ma sai da kika tsare shi a ƙofa kika kira ni.

Goggo: Ai doka tawa ce, ni na kafa, ni zan sassauta.

Nas: Goggo, jiya da safe na kawo miki yarinya da kitso sabo fil da rigarta mai ruwan ɗorawa. Da yamma na karɓe ta kai a tsefe, rigar a bai-bai. Me ya faru?

Goggo: Yara da wasa! Ita ta tsefe abinta.

Nas: 'Yar shekara uku ta tsefe kitson da na yi awa guda ina yi? Har ƙeya?

Goggo: Alo? Alo? Ba na jin ki sosai.

Nas: Kina ji na sarai. Ta ce min kun yi wasan cire takalmi. Ta ce an kwashe katifunsu, a kan siminti suka zauna. Ina katifun suka je?

Goggo: Shanya na kai su.

Nas: Da fankar? Da kwandon kayan wasa? Su ma shanya?

Goggo: Kai, wannan yarinya da baki! Wa ta gado ne?

Nas: Baƙi kika yi jiya, ko?

Goggo: To, tunda kin ji. Mutanen ƙungiyar nan ne masu ba gidajen renon yara tallafi. Mace ɗaya da namiji ɗaya. Tun bara nake bin su. Kin san rufin ɗakin barcin yara, in ruwa ya sauka kamar a waje muke. Kafinta ya ce ba zai kai wata damina ba. In ban samu tallafin nan ba rufe gidan zan yi, ke kanki sai ki rasa inda za ki ajiye Mimi.

Nas: Na san da rufin. Katifu nake tambaya.

Goggo: Mai shagon da ke gefenmu ne ya ce min irin waɗannan mutane ba sa ba wanda suka gani da ƙyalli. In suka ga fanka na juyawa, yara tsaf-tsaf, sai su ce ai kin wadata, su yi gaba. Shi ne muka kwashe komai muka zuba a bayan shagonsa. Na sa wa yaran tsofaffin rigunan da nake ajiyewa saboda masu fitsari. Suna tafiya na mayar musu da nasu.

Nas: A bai-bai.

Goggo: Sauri nake, iyaye sun fara zuwa!

Nas: To duk na ji. Me ya haɗa wannan da zuwana gobe?

Goggo: Za su dawo ne.

Nas: Su dawo mana. Ni dodo ce?

Goggo: Matar ce ta ɗauki Mimi ta ɗora a cinya, ta yi ta shafa kanta. Sai ta ce ina mamanta. Ni kuma bakina ya... kin san baki.

Nas: Ban sani ba. Faɗa min.

Goggo: Na ce Allah ya yi mata rasuwa.

Nas: Wa?

Goggo: Ke. Amma ba da zuciya ɗaya na faɗa ba, wallahi! Ina faɗa ina cewa Allah ya tsare a raina.

Nas: Inna lillahi. Goggo, ni kika kashe?

Goggo: Na kwana biyu ne kawai! Su sa hannu su tafi, ki tashi abinki.

Nas: A gaban yarinyar kika faɗa?

Goggo: Me ta sani? Biskit ne a bakinta.

Nas: Me ta sani? Jiya tunda muka isa gida take riƙe da zanina. Na shiga wanka ta tsaya a ƙofa tana kuka. Da safe ta buɗe min ido da yatsa, ta ce, "Mama, kin gama rasuwar?" Na rasa inda ta samo kalmar. Raina ya ɓaci, Goggo, ban taɓa jin haushinki irin na yau ba.

Goggo: Wayyo Allah. Haka ta ce?

Nas: Haka ta ce. Kuma ban gama ba. Ɗazu da hantsi wata mata ta kira ni.

Goggo: Wace mata?

Nas: Mai sanyin murya. Ta ce daga ƙungiyar da ta ziyarci gidan renonku jiya take.

Goggo: Ƙarya ne! Ina ta samu lambarki? Ban ba su lambar kowa ba. Mai shago ne, ko? Dama na ga yana ta yi musu dariya.

Nas: Bar mai shago. Ƙusoshin da kike rataye jakunkunan yara fa? Me kike rubutawa a saman kowace ƙusa?

Goggo: Sunan uwa da lambar... Kai! Kai, kai, kai!

Nas: Kin kwashe katifu, kin kwashe fanka, kin bar bango. Namijin ya ɗauki hotonsa.

Goggo: Shekara da shekaru nake kallon bangon nan, har na daina ganinsa. To me ta ce?

Nas: Ta fara yi min ta'aziyya. Ta ce ni ce mai riƙon Mimi? Na ce ni ce na haife ta.

Goggo: Da kin ce ke ƙanwar uwar ce!

Nas: Na san kin binne ni ne? Sai ta yi min bayani. Ta ce tallafin nasu na gidajen da ke riƙe yaran mata masu fita aiki ne. Shi ya sa suke kiran iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, su ji ko wurin yana yi musu amfani. Uwa mai rai suke nema, Goggo, mai zuwa aiki. Irina.

Goggo: Mai rai?

Nas: Kuma ta tambaye ni ko gaskiya ne yara a kan siminti suke barci, don ba sa ba wurin da babu shimfiɗa. Goggo, tsakaninki da Allah, uwaye nawa kika kashe jiya?

Goggo: Ke... da maman 'yan biyu. Da mai gidan burodi. Ita malamar makaranta cewa na yi ta gudu ta bar ɗanta.

Nas: Duk lambobinsu na bango?

Goggo: Duk suna nan, da jan alli. Na shiga uku. Shi ke nan rufin ya tafi?

Nas: Ban sani ba. Na gaya mata akwai katifu, akwai fanka, kuma ban taɓa karɓar 'yata da yunwa ko da ƙazanta ba. Ta ce za su zo gobe su gani da idonsu. Muryarta dai ba irin ta farko ba ce.

Goggo: To yanzu ya zan yi? Nas, katina ya kusa ƙarewa, gaya min da sauri.

Nas: Ki je bayan shago ki kwaso kayanki. Ki kira sauran gawarwakin ki gaya musu da bakinki, kafin a yi musu ta'aziyyar kansu.

Goggo: Ke fa? Za ki kawo ta goben? Ko kin cire min ita ke nan?

Nas: Zan kawo ta da kaina, da farar rigata ta aiki. Zan tsaya a ƙofa har su iso. Kuma a gabansu za ki durƙusa ki gaya wa Mimi mamanta ba ta rasu ba.

Goggo: A gabansu? Haba 'yata, ko a ɗaki ne ni da ita...

Nas: A gabansu kika kashe ni, Goggo.

Goggo: Tsaya, tsaya, ga maman 'yan biyu tana kira na a ɗaya layin. Wayyo, sun riga ni! Nas, me zan ce ma... Alo? Alo?