Ciwon da Ya Raba Ni da Tulun Zumunta

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, Maman Bitrus, daga zumuntar mata ta Tudun Wada.

Manyanmu za su tuna lokacin da ni ce mai kaɗa tulu. Marigayiya Mama Saratu ce ta koya mini, in na ɓata kiɗa ta make mini hannu tana dariya. Mukan jera a dogon benci, mu yi ta waƙa har murya ta dishe. Kai, ina kewar kwanakin nan!

Bayan haihuwata ta huɗu, ciwo ya kama ni a inda ba a faɗa. In na zagaya, kamar ana yanka ni da reza, ga jini. Zama ya gagara, na ajiye tulu. Na ce muku aiki ne ya yi mini yawa. Ƙarya na yi, ku gafarta mini.

Mu kuwa, duk abin da ya taɓa wurin nan basir ne. Shekara uku ina shan jiƙo daga Farin Gada, ɗaci kawai na kwasa.

Da abin ya ishe ni na je asibiti. Likita ta ce, "Mama, ba basir ba ne, tsagewa ce a dubura." Ta ce ko allura mai sassauta naman wurin har ya warke, amma ciwon na iya dawowa, ko ƙaramar tiyata. Tiyatar ta fi warkarwa, sai dai macen da ta sha haihuwa tana iya kasa riƙe iska bayan an yi.

Na tsorata! Ni, a tsakiyar sujada?

Ranar zumunta na zo, na durƙusa na ce, "Ubangiji, kai ka halicci wurin nan, me nake ɓoye maka?" Sai na buɗe baki na gaya wa mata komai. Suka ɗora mini hannu, hankalina ya kwanta a kan allura.

An yi mini, na warke, na koma kan tuluna. Halleluya!

Bayan sujada mata uku suka ja ni gefe. Ɗayansu ta ce, "Maman Bitrus, don Allah raka ni wurin likitan nan. Nawa ya shekara goma."

Na gode wa Ubangiji. 'Yar'uwa, ki dogara gare shi, ki buɗe baki. In kunya ta hana ki tafiya, ki zo, ni zan raka ki.