Ban Taɓa Share Ba

Ɗanjuma: Salamu alaikum. Amatu? Kina jina?

Amatu: Wa alaikumus salam, Malam. Barka da rana. An sauka lafiya?

Ɗanjuma: Lafiya lau. Ya gidan, ya yaran?

Amatu: Duk lafiya suke. Ya hanya? Ya gajiyar babur?

Ɗanjuma: Ba gajiya. Saurara ki ji...

Amatu: Ya ruwa can wajenku? Mu nan Maska tun hantsi ake yayyafi.

Ɗanjuma: Ruwa ya yi gyara. Amatu...

Amatu: Inno ma ta aiko a gaishe ka. Ta ce ƙafar da sauƙi.

Ɗanjuma: Ina amsawa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Amatu: Amin. Ka ga Lawal dillali? Ya iyalinsa? Matar tasa ta sauka kuwa?

Ɗanjuma: Ke, wannan gaisuwa ta mece ce haka, kamar na dawo daga aikin Hajji? Da safen nan fa muka rabu. Katina kaɗan ne, ki bar ni in yi magana. Na ga Jatau.

Amatu: Wane Jatau?

Ɗanjuma: Jatau nawa gare mu? San huɗarmu da aka kwance daga turke. Ga shi nan gabana, a tiken shanu na wata kasuwa can bayan Musawa. Lawal ne ya hango shi ya ja ni.

Amatu: Allahu akbar! Da ransa? Bai rame ba?

Ɗanjuma: Ya ɗan faɗa, amma shi ne. Matsalar, wanda ke riƙe da igiyar ya rantse saye ya yi a hannun wani, kuma har ya sallama wa mai lodin Kudu. Ga tirela nan ana ta cusa shanu.

Amatu: To ka faɗa musu naka ne mana! Ka faɗi karyayyen ƙahon nan na hagu.

Ɗanjuma: Na faɗa. Mutumin ya yi mini dariya, ya ce duk mai ido a tiken nan zai iya faɗin haka tunda ga san a tsaye. Sarkin tike ya yi mini adalci, ya ce a bar Jatau ya zama na ƙarshen hawa, in kawo shaida kafin motar ta cika. Sai na tuna hoton nan na Sallah, wanda kika ɗauki Nana a kan amalanke, Jatau da Duna a ɗaure, ni ina riƙe da su, ga ƙofar gidanmu a baya. Maza ki tura shi Watsaf ɗin Lawal, tawa ƙaramar wayar ba ta karɓar hoto.

Amatu: Halo? Malam? Ba na jinka sosai.

Ɗanjuma: Na ce hoton Sallah!

Amatu: Sallah? Ai ba a kira azahar ba tukuna.

Ɗanjuma: Hoto nake cewa, hoto! Fito tsakar gida, hau kan turmin nan inda sabis yake kamawa.

Amatu: Ina kai ma.

Ɗanjuma: To in kina kai kina jina sarai. Me ke faruwa ne? Tun ɗazu kike ta kewaye-kewaye.

Amatu: Malam, ka san wayar nan ta daɗe tana kuka ta cika.

Ɗanjuma: Ina ruwan cikarta da hoto ɗaya? Tura kawai.

Amatu: Tsaya mana in gaya maka. Jiya da yamma Watsaf ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Masu sayen man gyaɗa suna ta aiko saƙo, ba na gani. Sai na kira Afusat, mai shagon robobin nan ta Funtuwa. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, ita ma haka ta yi, in kwashe afilikeshan ɗin da suka cika cikin wayar in mayar da su kan memori, wayar ta samu wurin numfashi.

Ɗanjuma: Wane memori?

Amatu: Wanda ke cikin wayar mana.

Ɗanjuma: Wanda hotunan ke kai?

Amatu: Shi.

Ɗanjuma: Amatullahi. Me kika yi?

Amatu: Ka daina kiran sunana haka kamar alƙali. Abin da aka ce in yi na yi. Afusat ta ce kafin wayar ta yarda ta zuba afilikeshan a memori sai ta gyara shi ya zama nata. Ta ce amma in fara shiya ɗin hotunan zuwa wayar wani tukuna.

Ɗanjuma: Yauwa. Wa kika yi wa shiya ɗin? Faɗi in kira shi yanzu.

Amatu: Ai ban ga shiya ɗin ba.

Ɗanjuma: Kamar yaya ba ki gani ba?

Amatu: Na duba sama, na duba ƙasa, babu inda aka rubuta shiya. Na danne hotunan, sai ga wani abu ya fito baro-baro wai share. Na ce a'uzu billahi, ni za a ruɗa? Na janye yatsana.

Ɗanjuma: Share?

Amatu: Share, kamar yadda ake rubuta share tsakar gida. Na ce hotunan 'ya'yana ne za a share mini? Ban ko kusance shi ba.

Ɗanjuma: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Amatu, ai shi ne shiya ɗin!

Amatu: Wane irin shi ne? Na iya karatu fa, Malam. Share daban, shiya daban.

Ɗanjuma: Da Turanci haka suke rubuta shi! A rubuce share, a baki shiya! Shi nake dannawa kullum in zan tura wa su Sada abokaina abu!

Amatu: To wa ya taɓa gaya mini? Kai ka taɓa zaunar da ni ka nuna mini? In ka karɓi wayar sai ka juya mini baya ka yi ta dariya kai kaɗai.

Ɗanjuma: Bar wannan. Da kika ƙi danna shi sai me?

Amatu: Sai na ce tunda ban taɓa share ba, ai babu abin da zai goge. Na koma inda Afusat ta kwatanta mini. Wayar ta fito da wani dogon Turanci, a ƙasa an sa fomat.

Ɗanjuma: Kika danna.

Amatu: Ai shi bai yi kama da abin tsoro ba.

Ɗanjuma: Kika danna fomat! Kin tsallake mai ceton, kin rungumi mai yankan!

Amatu: Afilikeshan ɗin dai duk sun koma memori lafiya lau. Wayar har gudu take yi yanzu.

Ɗanjuma: Gudu take yi! Madalla! Sai mu ɗaura mata garma ta yi mana huɗa! Hotunan fa?

Amatu: Babu ko ɗaya.

Ɗanjuma: Duba dai.

Amatu: Na duba har idona ya yi ja. Na sunan Nana, na Sallah, na Baba kafin ya rasu, duk sun tafi. Kana tsammanin kai kaɗai abin ya taɓa? Ko abincin kirki ban ci ba tun jiya.

Ɗanjuma: Shi ne da safe kika zuba mini koko kina kallona, ba ki ce komai ba?

Amatu: Da wane baki? Tun da aka sace san nan ko sannu aka ce maka sai ka hau mutum da faɗa.

Ɗanjuma: Ba dole ba? Ruwa ya zauna, kowa ya yi huɗa ya shuka, gonarmu na kwance. Duna shi kaɗai zai ja garma? Ko ke za ki shiga ɗaya gefen? Masarar bana fa ake magana, Amatu, abin da za mu ci!

Amatu: Na sani! Ni da nake dafawa ban san abin da za mu ci ba? Amma tsaya in tambaye ka, wa ya cika wayar?

Ɗanjuma: Kada ki juya mini magana.

Amatu: Sai na juya. Wayata ce, da ribar man gyaɗata na saya. Wa ya zuba mata bidiyon dambe har ba a ganin ƙarshensu? Wa ya sauko da abin duba hadari, wanda kullum yake cewa ba ruwa ana tsuga ruwa? Wa ya sa na farashin masara, da na ƙwallo, da wancan wasan tseren motar?

Ɗanjuma: Wasan motar na yara ne.

Amatu: Yaran da ke makarantar allo lokacin da nake jin ƙarar mota daga ɗakinka? Sau nawa na ce ka rage kayanka, ka ce in bari sai ka samu lokaci?

Ɗanjuma: To da kika ga ta cika me ya hana ki jira in dawo?

Amatu: In jira masu sayen maina su koma wajen wata?

Ɗanjuma: Ga shi kin ceci kwalbar mai kin sayar da sa!

Amatu: Ni na sayar? Ni na ce a bar shanu a garken baya inda danga ta faɗi?

Ɗanjuma: Ke! Ki iya bakinki. Tsaya... Lawal, me? Saura nawa? To roƙe shi ya ɗan dakata, don Allah. Amatu, motar ta kusa cika. Yi tunani. Ba ki taɓa tura hoton nan wa kowa ba? Yayarki ta Tsiga? Afusat? Ko sitatus?

Amatu: Yau kake tambayata sitatus? Ranar Sallar da na ce zan ɗora, wa ya ƙwace wayar ya ce kada in kuskura? Ka ce bakin mutane zai kama shanun, ɓarayi kuma su gani. Yayata ta roƙa har ta gaji, ka ce ko ita kada a ba ta.

Ɗanjuma: Ai gaskiya na faɗa.

Amatu: To ga shi ba a ɗora ba, ɓarayin kuma sun gani.

Ɗanjuma: Wallahi Amatu in na dawo gidan nan...

Amatu: In ka dawo me? Ka dawo ɗin ka same ni. Ni ma san nan nawa ne. Kai huɗa kawai ka sani, wa yake tashi ya ba shi ƙasari da dusa kullum? Tun yana ɗan maraƙi a hannuna ya... Malam. Malam, tsaya.

Ɗanjuma: Ba ni da lokacin tsayawa, matar nan ta cikin waya ta fara gargaɗin kati.

Amatu: Katin me? Memorin?

Ɗanjuma: Katin kira! Ya kusa ƙarewa! In ya yanke ki kira ni.

Amatu: Da me? Data kawai na saya jiya, ko sisin kira babu. Saurara. Yaya nisanka da Jatau?

Ɗanjuma: Ga shi can sun fara jan shi wajen bakin motar.

Amatu: Bi shi. Sa ni a sifika, ka kai wayar kusa da kunnensa.

Ɗanjuma: Kin haukace? A gaban mutane in tsaya ina ba sa waya? So kike a ce ɗan Maska ya taɓu?

Amatu: Su ce mana! Kai ba ya amsa maka sai da bulala, ni kuwa ko daga bayan katanga ya ji na buga bokitin ƙasari na kira shi sai ya tsinke igiya. Ka ce wa sarkin tiken ya tsaya ya gani da idonsa. In san wani ne ai ba zai kula ni ba.

Ɗanjuma: Ta cikin wannan 'yar wayar zai gane muryarki? Ni ma da kyar nake ganewa.

Amatu: Kana da wata shaidar?

Ɗanjuma: Babu. Albarkacinki.

Amatu: To daina ɓata katin da baƙar magana, yi sauri. Bari in sauko in ɗauko bokitin.

Ɗanjuma: Kada ki sauka daga turmin, sabis zai ɗauke!

Amatu: Ga shi nan kusa, na miƙa hannu. Ka isa?

Ɗanjuma: Ku ba ni hanya, bayin Allah. Malam, dakata da igiyar nan, dakata na ce! Lawal, kira mini Sarki, ce ya zo yanzu. Amatu, na sa ki a sifika. Kowa na jinki, ki san abin da za ki faɗa.

Amatu: Salamu alaikum mutanen kasuwa, barkanku da...

Ɗanjuma: Ba gaisuwa aka ce ki yi ba! Kira shi!

Amatu: Jatau! Jatau na gidan Malam! Taho ka sha, ɗan nema, taho! Kana jin bokitin, Malam?

Ɗanjuma: Ina ji, ƙara bugawa! Dariya suke yi mini, Amatu, wallahi in abin nan bai yi ba...

Amatu: Jatau! Jatauuu! Taho, ja mai ƙaho guda, taho ga dusa!

Ɗanjuma: Ya tsaya. Amatu, ya tsaya! Ya ɗaga kunne! Ya turje, ya ƙi hawa, yana juyowa! Kai, saki igiyar kada ya taka ka! Ina Sarkin? Lawal, ina Sarkin yake? Ga shi can tafe. Ranka ya daɗe, yi sauri ka gani! Amatu, sake kira, bai gani ba, sake ki...

Amatu: Jatau! Taho ka sha! Jatau! Ya zo, Malam? Sarkin ya gani? Malam? Halo? Baban Nana? Halo... Kai Duna, yi mini shiru, ba da kai nake ba. Halo?