Jarin Hajiya a Tsarin 'Yan Yamma

A ɗakin jira na asibitin ido, talabijin na nuna taron ƙasashe kan tsarin da wayoyin salula na gaba za su bi. Wani dattijo ya buga cinya, ya juya wurin matar da ke gefensa.

"Hajiya, kin ji? Saura ƙiris a amince da tsarin 'yan gabashin duniya! A kamfaninsu na zuba jari. Wallahi mun haye!"

"Haba Alhaji, rage murna. Na 'yan yamma ne zai ci. Can na sayi hannun jari."

"Au, ke ma kina ciki? Ai duk wanda duniya ta bi tsarinsa, kowace waya aka ƙera sai an biya shi. Namu ya fi araha, ya fi sauri. Naku fa?"

"Ni ban san wani sauri ba. Autana injiniya ne a can. Ya ce in aka zaɓi nasu, shi za a turo gida ya kafa turakun sabis na waya. Jikata da ya haifa a can har ta fara tafiya, ban taɓa goya ta ba."

Dattijon ya fashe da dariya.

"Kin ɗaure ni, Hajiya! Yanzu wace addu'a zan yi?"

"Yi tawa. In ya dawo, turken farko a bayan gidanka!"

"Shi ke nan, gobe zan sayar da nawa jarin, in koma naku! Yaya sunan kamfanin?"