Sulallan Kitson Uwarsa

Wanda ya sayar da gadon da ba nasa kaɗai ba ya ci amana. A tashar Tsafe na ji wani yana ba wata tsohuwa labari, muna jiran motar Gusau ta cika.

"Ɗana, takardar me kake ta jujjuyawa?"

"Rasidin gidan waya ne, Inna. Sulallan azurfa na mahaifiyata na aika wa wani dillali a Ikko."

"Na kitso? Masu huda?"

"Su. Sha biyu."

"An ci riba ke nan."

"Ina riba! Na dirje su da toka da lemun tsami don su yi ƙyalli. Ya rubuto wai tsufan da na goge shi masu saye ke nema. Kuɗin nauyi kawai ya biya, ya cire la'adarsa. Da na fitar da rajista da kan sarki, saura bai kai buhun taki ba."

"Ita ta sani?"

"Ta rasu bara. In tana daka, daga zaure nake jin ƙararsu. Yanzu ƙanwata Hussaina za ta yi aure, ta ce in kawo mata na Innarmu."

"Ka rubuta ya dawo da su mana."

"Na rubuta. Ya narkar. Inna, naki da nake gani a kitsonki fa? Ko biyu ki sayar mini."

Tsohuwar ta gyara kallabinta. "Nawa suna da mai su."

Ranar auren zai tsaya gaban ƙanwarsa hannu wofi, kuma da bakinsa zai faɗa mata.