Dutsen Niƙa Za Shi Kaduna

A tashar Achida, wani mutum mai sabuwar jar dara da wata tsohuwa suna jiran motar Sakkwato. Ba su san juna ba.

"Inna, dubi ƙauyanci," in ji shi, yana nuna matarsa da ke zaune can gefe kusa da tulin kayansu. "Bature ya ɗauke ni masinja, Kaduna za mu, amma matata Safara'u tac ce sai da dutsen niƙanta. Garin da inji ka niƙa! Kwana ukku muna hwaɗa bisa dutse, har ɗiyanmu na kuka."

"Kai mi kaɗ ɗauko?"

"Ni? Akwati guda. Na gama da ƙauyenmu Rara, ko gawata ba ta komowa."

"Madalla. Gonakka ta hwadama, ka sai da ta?"

"Aro nib ba ƙanena."

"Aro. Ɗakinka hwa?"

"Na yaɓe shi shekaranjiya, don kak damana ta kashe shi."

"Wanga ƙunshi da kar rungume kamar jinjiri hwa?"

Ya ƙara ƙanƙame ƙunshin. "Irin albasa na. Tun na kakana, ba a samun irinai ko'ina."

"Ina za ka shibka shi? Bisa teburin Bature?" Tsohuwa ta ja tsaki. "Ɗana, ita da taɗ ɗauko dutse, zama za ta yi. Kai baƙunci za ka, da dara bisa kai. Tashi ka kama mata, ga mota nan tahe."