Salansar Babur Ɗina da Tsuntsayen Gonar Shinkafa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Malam Garba daga fadamar Haɗeja. Ban iya rubutu ba, maƙwabcina ne ke rubuta mini.

Ina da tsohon babur, tun hanyar Kafin Hausa ba ta da kyau nake hawansa. Zaren da ke riƙe notin salansa a kan inji ya cinye, salansa ta saki, ƙara kamar bindiga. Bakanike ya ce, "Baba, kawo in huda wurin in yanka sabon zare. In ka ci gaba da hawa haka, injin zai ƙone."

To, ran da na bi ta gonakin shinkafa, sai tsuntsayen jan-baki suka tashi gaba ɗaya. A da, da majajjawa da gwangwani muke yini muna korar su. Yanzu maƙwabta suna roƙo na, "Malam, kar ka gyara sai an yi girbi." Har da gonar marayun ƙanena a ciki.

'Ya'yana sun ce in gyara, na ce ban ji ba. Bakanikai masu sauraro, ku gaya mini gaskiya: injin nan zai kai girbi?